Makarantar Gwamnati Ta Wa Ce?

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, wai kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Muna so mu auna ta da makarantun firamare na ƙasar Gaya da Ajingi, inda 'ya'yan manoma da na makiyaya suke neman ilimi.

Bisa doka, an san mai alhaki. A 1976 aka soma shirin UPE. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta ilimin shekara 9 kyauta ga kowane yaro, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin aikin. Hukumar SUBEB tana kula da shi a jiha, Sakataren Ilimi kuma a ƙaramar hukuma. A 2019 Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, amma a 2024 sai da ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Ashe doka kaɗai ba ta koya wa yaro karatu.

To, mu fa? In iska ta yaye rufin aji, mukan ce gwamnati za ta zo. In damina ta faɗi, mukan ɗauke yaro zuwa gonar gero da gyaɗa. Ran kasuwa yarinya tana talla, benci babu kowa. Wanda ya sami hali kuwa sai ya kai nasa makarantar kuɗi, ya manta da hanyar ta gwamnati.

Wani zai ce, ba haƙƙin uba ba ne ya zaɓa wa ɗansa abin da ya fi? Haƙƙinsa ne. Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu, suna kuma da 'yancin zaɓen makaranta. Amma 'yancin zaɓe bai ɗauke nauyin maƙwabtaka ba. Idan masu murya duka suka fita, wa zai yi tambaya in malami ya yi fashi? Waɗanda suka rage su ne marayu da 'ya'yan matalauta, su da ba su da wata ƙofar da za su buga. Wanda ya cire ɗansa bai yi zunubi ba. Wanda ya cire zuciyarsa, shi ne zai amsa a gaban Allah.

Mu tuna kuma, a makarantar nan ne ɗan Musulmi da ɗan Kirista, Bahaushe da Bafulatani, suke zama a tabarma ɗaya. In ta rushe, zaman lafiyar gobe ya rasa ginshiƙi.

Saboda haka makarantar tamu ce, hukuma riƙon amana take yi. Mu halarci taron iyaye da malamai. Mu shiga kwamitin gudanar da makaranta in an kira mu. Mu tsara aikin gona yadda yaro ba zai rasa zangon karatu ba. Mu girmama malami, mu kuma kai kuka ofishin Sakataren Ilimi cikin ladabi, ba tare da tsoro ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta ɗauki ɗan maƙwabci kamar namu. Amin.