Kangon Angko: Da Me Za a Auna Sarki?

A ƙasar Kambodiya akwai kangon wani ƙasaitaccen birni mai suna Angko, cibiyar tsohuwar daular Kemar. A nan ne Sarki Suryabarman na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1113, ya gina ɗakin bautar nan Angko Wat da duwatsun da aka kwaso daga tsaunin Kulen, tafiyar kilomita wajen 40. A 1431 mayaƙan Ayuttaya suka ci birnin, sarauta ta koma kudu, daji ya rufe yawancinsa. Yau masu yawon buɗe ido ke tururuwa can, suna ta jinjina wa sarakunan.

To, ni abin da ke damuna shi ne, me muke yabo? Mu ɗauki Sarki Jayabarman na Bakwai, wanda ya hau a 1181. Shi ya gina Bayon mai manyan fuskokin dutse, da Ta Purom domin tunawa da mahaifiyarsa. Rubutun da aka sassaƙa a Ta Purom a 1186 ya nuna mutum 12,640 ke yi wa wurin hidima, dubban ƙauyuka kuma na kawo abinci. Rubutun ya kuma ambaci asibitoci 102 a faɗin ƙasar. Asibitocin nan da katako aka yi su, sun ruɓe, sai ƙananan ɗakunan bautarsu na dutse suka rage. Da na zaga Ta Purom, saiwoyin itatuwa masu kama da rimi sun rungume bango, kowa na ɗaukar hoto, ban ji mai tambayar asibiti ba.

Wani zai ce ai ba don dutsen ba, da ba mu san labarin asibitocin ba. Gaskiya ne, amma wannan amfaninmu ne mu 'yan baya. Majinyacin da ya sami magani ya riga ya ci moriya tun ranar, manomin da aka karɓe wa shinkafa don hidimar dutse kuwa ya riga ya ɗanɗana kuɗarsa.

Saboda haka a ganina kuskure ne a auna mai mulki da abin da ya daɗe kawai. 'Yan'uwana ɗalibai, gobe wasunmu ne za su riƙe baitulmali. In an zo zaɓi tsakanin dogon gini mai ɗauke da sunanka da maganin da ba mai tuna wanda ya saya, ina roƙonku ku sayi maganin.