Dutse Ɗaya Domin Hoto Ɗaya

Da ɗari na ɗauki sabuwar kyamarata zuwa bakin tafkin Tabalak a Nijar. Ga zalɓe, ga kirinjijiya, ga ƙananan agwagin da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Ina son hotonsu suna tashi, sai na ɗauki dutse. Amma hannuna ya tsaya. Tsuntsun da ya sha wannan doguwar tafiya, kowane firgici yana cin ƙarfin da zai koma gida da shi. Daidai ne in sayi murnata da wahalar wani? Na ajiye dutsen, na zauna jira. Kai fa, wa kake wahalarwa domin ka sami abin nunawa?