Haƙƙin Iyayen Yaro Mai Larurar Ƙwaƙwalwa a Kan Jama'a

Larurorin da ke taɓa girman ƙwaƙwalwar yaro da ɗabi'arsa ba a cika gane su a lokacin goyo ba. Sai yaro ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko a yi ta kiran sunansa bai waiwaya ba alhali kunnensa ƙalau, ko a sa shi makaranta malami ya kasa zaunar da shi, sannan a fara zaryar asibiti. Daga bisani likita ya faɗi sunan abin: otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ko larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, ko jinkirin magana da fahimta. Akan sami biyu ko uku a jikin yaro ɗaya, wani sa'in har da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, kuma an fi samunsa a tsakanin maza. Ke nan da wuya a sami unguwar da babu irin wannan gida.

Makonnin farko bayan jin sakamakon su ne mafi nauyi ga iyaye, kuma a nan ne bakin mutane ya fi yin ɓarna. Kowa na da bayanin da zai kawo. Wannan ta ce ɗan ruwa ne, waccan ta ce aljanu suka musanya shi saboda uwar ta fita da almuru tana da ciki, wata ta ce sammun kishiya ne, dangin miji kuma su rufe da cewa su dai a zuri'arsu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba. Duk inda zancen ya zagaya, kan uwa yake sauka. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zalunci ba. Bayan da likita Leo Kanner ya fara bayyana otizim a Amurka a 1943, an shafe shekaru masana na ɗora laifin kan iyaye mata, wai rashin nuna wa jariri ƙauna ke jawo shi, har sai da binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila a 1977 ya nuna cewa gado ne ke da babban kaso, gadon da kan zo ta wajen uba kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa. Haka zargin da aka yi wa allurar rigakafin ƙyanda a 1998 cewa tana jawo otizim ya rushe, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010. Jinkirin girma kuwa yana da sanannun dalilai a ƙasar Hausa: doguwar naƙuda, shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta kuma bar wasu da naƙasa. Wanda bai san waɗannan ba, alherin da zai yi wa gidan shi ne ya yi addu'a ya kama bakinsa.

Nauyi na farko a kan uba yake. Mijin da ya bar matarsa ita kaɗai a layin asibiti, ko ya mayar da larurar ɗansa hujjar saki, ya gudu ne daga amanar da aka ba su tare. Kuma shi ne kaɗai zai iya tsayawa tsakanin matarsa da maganganun 'yan uwansa, ya ce wa mahaifiyarsa cikin ladabi: "Hajiya, likita ya yi mana bayani, ba laifin kowa ba ne."

Maƙwabta da dangi sun fi saurin kawo shawara, alhali hutu ne abin da uwar ta rasa. Yaro mai otizim kan yi fama da rashin barci, ya ƙi kowane abinci sai iri ɗaya ko biyu, ya fice daga gida da zarar an bar ƙofa a buɗe. A gidan biki, da an kunna lasifika sai ya toshe kunnuwa, ya faɗi yana birgima yana buga kai a ƙasa, mata su yi cirko-cirko ana cewa rashin tarbiyya ne, a ba shi bulala biyu ya dawo hayyacinsa. Ƙarar ce ta fi ƙarfinsa, kuma duka ƙara firgita shi yake yi. Mai hankali a wurin ita ce wadda za ta buɗe ɗakin da babu hayaniya, ta kori 'yan kallo. Daga irin wannan rana uwa kan daina zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, sannan a koma ana cewa ta yanke zumunci. Maƙwabciyar da ta leƙo ta ce, "Yaya, kawo shi wajena ki samu ki rintsa," ta fi masu jaje goma amfani. Haka wanda ya ɗauki nauyin kuɗin mota zuwa asibiti, ko ya kula da sauran yaran gidan, waɗanda akan manta da su, musamman babbar 'ya da ake cirewa daga makaranta don raino.

Sai batun magani. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke warkar da otizim, kuma duk mai tallar hakan aljihun iyaye yake hari. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma turare mai shaƙe numfashi, da duka da sunan fitar da iska, da ɗaure yaro a turu cuta ce tsagwaronta. Mutane ba su manta da ɗaruruwan da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba. Abin da ke taimakawa shi ne horo da wuri: gwajin ji, koyar da magana, gashi ga mai raunin gaɓoɓi, da tsayayyen tsarin yini da yaro zai saba da shi. Rashin natsuwa da farfaɗiya suna da magungunan da likita ke rubutawa. Ana samun likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri.

Malaman boko da na Islamiyya su sani cewa yaron da ya kasa zama ba taurin kai yake yi ba. A zaunar da shi a gaba, a gutsura masa darasi kaɗan-kaɗan, a hana 'yan ajinsu kiransa gaula ko taɓaɓɓe. Limamai su ambaci lamarin a huɗuba, domin abin da aka faɗa a kan mumbari iyaye kan daina jin kunyarsa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba irin waɗannan yara 'yancin karatu ba tare da nuna bambanci ba, don haka iyayen da aka mayar musu da ɗa daga bakin ƙofar makaranta suna da hurumin kai ƙara, kuma mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai su ne ya kamata su raka su.