Ɗana, Birkin Tsere Ba Na Titi Ba Ne

Ɗana, na san abin da ke ranka. Ka tara kuɗi ka sayi babban babur, Yamaha ko Honda ko Kawasaki, kana kallon gasar MotoGP a waya, kana ganin mutum ya taho a sukwane, sai dab da kwana ya kama birki ya karya ya wuce lafiya. Wani kuma ya raɗa maka cewa sirrin yana ga takalmin birki, ƴan ƙarafan nan biyu da ke matse faifan taya, wai in ka sa irin na ƴan tsere babur ɗinka zai riƙa tsayawa cak. Kafin ka miƙa kuɗinka, zauna ka saurare ni.

Birki aikinsa mayar da gudu ya koma zafi. A filin Mugello na Italiya, a 2023, ɗan tseren MotoGP Brad Binder ya kai gudun kilomita 366 a awa guda. Wanda zai sauko daga irin wannan gudu, sau da yawa a kowane zagaye, dole faifansa ya yi zafin da takalmi na yau da kullum ba zai jure ba: ya yi santsi, ya daina kamawa. Shi ya sa faifan kabon da kamfanin Brembo ke ƙera wa masu wannan gasa yake aiki tsakanin digiri 200 zuwa 800. Takalman tsere da ake sayarwa a kasuwa ba su kai nan ba, amma a kan wannan tunani aka haɗa su: su jure wuta. Da yawansu kuwa kamar tandar waina suke, in ba su ɗau zafi ba ba su yin abin kirki.

To, kai yaushe birkinka yake yin zafi? Ka fito gida da sanyin safiyar hunturu, ko ka miƙe hanyar Kano zuwa Zariya, iska tana ta busa faifan ba ka taɓa birki ba. Sai ga yaro ya ɓullo daga bayan adaidaita sahu, ko akuya ta yanko titi. Wannan kamun na farko, da faifai mai sanyi, shi ne wanda ranka da ran ɗan mutane suka rataya a kai. Ɗan tsere ana ba shi zagaye guda ya ɗumama taya da birki kafin a fara. Kai babu mai ba ka.

Kada ka ce mini akwai na tsere masu kamawa tun da sanyi. Akwai, gaskiya ne, sai dai cizonsu na gaggawa ne, an yi shi don taya mai danƙo a kan kwalta mai tsabta. Titinmu kuwa ga rairayi a gefe, ga baƙin mai da tirela ta zubar, ga ruwan damina. Ka matsa da firgici, tayar gaba ta ƙulle, kafin ka ce Innalillahi kana ƙasa, musamman in babur ɗinka ba shi da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa. Komai ƙarfin birki, iyakarsa abin da taya ta iya riƙewa. Bar ma batun ƙarar takalman tsere da yadda suke cin faifai, wanda kuɗinsa ya fi na takalmin nesa ba kusa ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka nemi irin takalmin da kamfanin babur ɗinka ya tsara, ko na titi daga kamfanin da aka sani, kuma ka saya a hannun wanda ka amince da shi, don jabu sun yi yawa, kwali kuwa ba ya tsayar da babur. Ka duba bayan takalmin, sau da yawa za ka ga haruffa biyu, kamar GG ko HH. Na farko ƙarfin kamunsa ne da ɗan zafi kaɗan, na biyu kuma in ya yi zafi sosai. HH na titi, wanda aka yi da garin ƙarfe da aka matse aka gasa, ya ishi babban babur har da goyo, kuma yana kamawa cikin ruwa.

In an sa sabo, kada ka fita da gudu ranar. Ka sami hanyar da ba kowa, ka riƙa kamawa a hankali kana saki, har takalmi da faifai su saba da juna. Man birki kuma yana shan danshi, a canza shi duk bayan shekara 2, ko da ka ga bai ragu ba. Sau tari wanda ke kukan birkinsa ba ya ci, tsohon mai ne ko mushen taya ke damunsa, kuma ka ce wa makanikenka ya fara dubawa daga nan.