Ruwan Tafadek: haƙƙin baƙo da haƙƙin mai gida

 

Ƴan'uwa, a cikin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 80 arewa da Agadas, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake kira Tafadek. Mutane na zuwa daga nesa su yi wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata. Masana ƙasa na bayanin cewa ruwan sama ne ke ratsa tsagewar duwatsu har ya kai zurfi, inda zafi ke ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya, sannan ya dawo sama da ɗuminsa. Wannan sababi ne, Mai warkarwa kuwa Allah ne, kuma babu muridin da ke shakkar haka.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: wahalar tafiya tana ba mutum iko a kan wurin da ya isa? Wanda ya sha ƙura da jijjigar mota kwana biyu daga Damagaram yakan ji a ransa cewa ya biya kuɗin wurin da guminsa. Kuma yana da hujja, domin Shari'a ta sa mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Ba a hana mara lafiya.

Amma tarayya ba ta nufin kowa nauyinsa ɗaya. Baƙo zai yi kwana uku ya koma. Makiyayin Abzin da raƙumansa da awakinsa nan za su ga rani. Idan baƙo ya yar da leda, akuyar wani ce za ta haɗiye ta, ta toshe mata ciki, ta rame har ta mutu. Idan ya sare reshen itace don dafa shayi, ya ɗauke inuwar da ta yi shekaru tana girma a ƙasar da ruwan sama ke da ƙaranci. Shi kuwa ba zai taɓa ganin wannan ɓarnar ba, shi ya sa ma take yi masa sauƙi.

Mu ɗalibai mun fi kowa wannan hali, domin mun saba kallon wuri ta cikin waya. A zawiya an koya mana cire takalmi da sassauta murya, amma da yawanmu muna barin wannan ladabi a ƙofar zawiyar. Ni a ganina wanda ya sauka Tafadek ya fara da gaida mutanen wurin, ya tambayi lokacin da mata ke wanka, ya jira tsoho mai ciwon gwiwa ya fito kafin ya shiga, sannan ya koma da sharar sa cikin jakarsa har Agadas.