Wasiyya ga Muridai Cikin Sha'anin Rashin Haihuwa, Sababinsa da Maganinsa

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare shi, wanda ya halicci mutum daga ɗigon ruwa, ya rataya kowane abu ga sababinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, maza da mata, ku sani zalunci yana shiga gidajen masu wuridi ta wata ƙofa alhali ba su farga ba. Mutum ya yi shekara biyar da mace babu ɗa, sai ya ce juya ce, ya sake ta ko ya bar dangi suna yi mata gori, shi kuwa bai taɓa tsayawa gaban likita an duba shi ba. Don haka na rubuta wannan 'yar takarda, fasali huɗu, ko Allah ya amfane mu da ita.

Fasali na farko, cikin cewa haihuwa kyauta ce, neman sababi kuwa umarni ne

Allah Ta'ala ya bayyana a ƙarshen Suratush Shura cewa bayinsa kashi huɗu ne: wanda ya ba 'ya'ya mata, da wanda ya ba maza, da wanda ya haɗa wa duka biyu, da wanda ya bari babu haihuwa. Kalmar Larabci da ta zo a kan kashi na huɗu tana hawa kan namiji kamar yadda take hawa kan mace. Kuma rashin ɗa ba alamar fushin Ubangiji ba ne. Annabi Zakariyya sai da furfura ta cika kansa sa'an nan aka yi masa bushara da Yahaya. Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ba ta haihu ba, kuma babu mumini face ɗanta ne.

In ka ce: tun da kyauta ce, mene ne na zuwa asibiti? Sai in ce maka: an umurci Nana Maryamu ta girgiza kututturen dabino tana cikin naƙuda, alhali Allah mai iko ne ya zubo mata ba da girgiza ba. Manzon Allah kuma ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi, sa'an nan ya dogara. Tawakkali mazauninsa zuciya, riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Wannan jarrabawa fa mai yawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana haɗuwa da ita a rayuwarsa. Likitoci suna kiran abu rashin haihuwa in miji da mata sun yi wata 12 suna saduwa, babu wani abin hana ciki, ciki bai shiga ba. In matar ta wuce shekara 35, wata 6 kaɗai ake jira. Kuma bincikensu ya nuna kusan rabin gidajen da abin ya shafa, akwai sababi ta wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa.

Fasali na biyu, cikin sababan da ke ga namiji

Ya kai ɗan'uwa, kada ƙarfin kwanciya ya ruɗe ka. Ƙarfi daban, haihuwa daban. Cikin maniyyi akwai ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne iri. Ruwa yana iya fita da yawa alhali iri kaɗan ne a ciki, ko mai rauni, ko babu shi sam. A ma'aunin da Hukumar nan ta fitar a 2021, ana son kada su gaza miliyan 16 cikin mililita ɗaya.

Daga abin da ke ɓata iri akwai kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon sanyi na saduwa wanda ba a yi wa magani ba har ya toshe hanya, da hangum in ya kama namiji bayan balaga ya sauka ga maraina, da ƙwan maraina da bai sauko ba tun yarinta, da tsargiya mai sa fitsarin jini, da ciwon suga, da taba da giya da ƙwayoyin maye. Har allurar testostiron da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi, ita kanta tana tsayar da yin iri. Wanda ya haihu a da ma abin yana iya samunsa daga baya, don haka kada ka kafa hujja da ɗan da ka haifa shekara goma da suka wuce.

Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi kuma mafi arha. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da ruwansa a duba. In sakamako bai yi kyau ba ana maimaitawa bayan kamar wata 3, domin iri yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya nuna, zazzaɓi mai zafi kuwa yana rage shi na ɗan lokaci.

Fasali na uku, cikin sababan da ke ga mace

Ya ke 'yar'uwa, mace tana sakin ƙwai ɗaya a wata, kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa. Ƙwan yana rayuwa yini guda, irin namiji kuwa yana kai kwana 5 a jikinta. Don haka kwanakin da ke gab da fitar ƙwai su ne na ɗaukar ciki. Wadda hailarta ke tsallake watanni, ko nononta ke zubar da ruwa ba ta shayarwa, sau da yawa ƙwan ne ba ya fita, kuma wannan yana da magani.

Sababi na biyu shi ne toshewar bututu biyu da ke kai ƙwai mahaifa. Yana zuwa daga ciwon sanyi, wanda wani irinsa ke daɗewa a jikin mace babu alama, kuma sau da yawa daga miji ta ɗauka. Yana zuwa kuma daga cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta. Akwai ƙari a mahaifa, akwai kuma shekaru, domin ƙwai yana raguwa sosai bayan 35.

Ina yi muku gargaɗi a kan abu biyu. Na farko yankan gishiri da ake yi wa mace da aska wai don ta haihu. Ba ya buɗe komai, sai zubar jini da cuta, wani lokaci har yoyon fitsari. Na biyu tura kanwa da sassaƙe cikin gaba, yana ƙona fata ya bar tabo. Jiki amana ne a hannunmu.

Fasali na huɗu, cikin magani da ladubbansa

Ku tafi asibiti ku biyu tare, tun da wuri. Ciwon sanyi ana yi wa miji da mata maganinsa lokaci ɗaya, in ba haka ba ɗaya ya mayar wa ɗaya. Akwai maganin da ke sa ƙwai ya fita, a sha shi da umarnin likita kaɗai. Akwai aikin tiyata ga ƙari da ga jijiyoyin maraina. Akwai tace irin miji a sa shi cikin mahaifar matarsa. Akwai kuma haɗa ƙwan mace da irin mijinta a waje, sa'an nan a mayar cikin mahaifarta. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a 1978. Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawar halaccinsa a 1980, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a 1986. Sharaɗinsu shi ne iri na miji ne, ƙwai da mahaifa na matarsa ne. Shigo da na wani haramun ne, don tsare nasaba. Hanya ce mai tsada kuma ba kowane karo take kamawa ba, kada mutum ya sayar da gonar da iyalinsa ke ci a kan alkawarin wani.

Ku haɗa wannan da ƙofar da ba ta rufuwa. Ku yawaita istigfari, domin Annabi Nuhu ya faɗa wa mutanensa cewa yana jawo ruwan sama da dukiya da 'ya'ya. Ku lazimci addu'ar Annabi Zakariyya da ke cikin Suratul Anbiya, a sulusin dare na ƙarshe, bayan wuridinku, da salati ga Annabi da sadaka a ɓoye. Ku nisanci boka da mai duba, domin hadisi ya inganta cewa wanda ya je ya tambaye su ba a karɓar sallarsa dare arba'in. Wanda ya ce muku ya lamunce muku ɗa in kun kawo rago, ko ya ce sai ya kaɗaita da matarka zai yi mata aiki, maƙaryaci ne ko da rawaninsa ya kai ƙasa. Shehun gaskiya roƙo yake taya ka, ba ya sayar da abin da ke hannun Allah.

In gwaji ya nuna sababi yana gare ka, ya kai miji, ka faɗa wa matarka gaskiya, domin ita ma tana da haƙƙi cikin haihuwa. Wanda ya sani ya yi shiru, ya bar ta tana shan gorin uwarsa da 'yan'uwansa, wane wuridi ne zai wanke masa wannan? In kuma yana gare ta, ka rufa mata asiri kamar yadda kake so a rufa maka. Ku kuma iyaye da surukai, ku kame harshe.

Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa Allah bai ba shi ba, to nan ne maƙamin yarda da hukunci. Ya ɗauki maraya ya riƙe, ya bar masa sunan ubansa, domin Annabi ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna. Ya karantar da 'ya'yan Musulmi, ilimi mai amfani ba ya yankewa da mutuwa.

Allah ya ba marasa haihuwa zuriya ta gari, ya shirya wa masu ita, ya tsare mu daga zaluntar waɗanda ke ƙarƙashinmu. Wasiyya ta cika da godiyar Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Amin.