Hidima Wadda Ba Ta Jiran Godiya

Ya ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya a gabanka. Idan mutum ya ba da lokacinsa kyauta ga yaron da ba za ya gode masa ba, ba kuwa za ya warke a hannunsa ba, aikin nan riba ne ko hasara?

Akwai yara masu abin da likitoci suke kira otizim, waɗansu mutanenmu kuwa suna ce masa galahanga. Irin yaron nan yakan yi jinkirin magana, wani ma ba ya magana sam. Ka kira sunansa, ba ya waiwayowa. Ƙara takan razana shi. Idan aka sāke masa tsarin yininsa, ransa yakan ɓaci ƙwarai. A shekara ta 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali. Yanzu an sani abin yana fitowa daga yadda ƙwaƙwalwa take girma, gādo kuma yana da hannu a ciki. Kada fa ka yarda da masu ɗora laifin a kan aljanu, ko maita, ko zunubin uwa.

A shekara ta 1962 waɗansu iyaye a Landan suka haɗa kai domin 'ya'yansu, suka kafa ƙungiyar da ake kira National Autistic Society yau. Ƙungiyoyi irin wannan suna bukatar masu aikin sa kai. Idan zuciyarka ta motsa ka shiga, ka riƙe abu uku.

Na fari, ka cika alkawari. Gama yaron nan yana dogara ga abin da ya saba. Sa'a guda kowace Asabar, ba fashi, ta fi masa amfani bisa kwana bakwai na zafin nama wanda za ya huce.

Na biyu, ka zama almajiri. Uwar yaron ta san abin da yake tsoro da abin da ke kwantar masa da rai. Ka tambaye ta tukuna, kāna ka sa hannu.

Na uku, ka tsare harshenka. Kada ka yi alkawarin warkarwa, gama babu maganin da ke kawar da otizim, ko da yake koyarwa da haƙuri suna taimakon yaro ƙwarai. Kada kuma ka kai asirin gidan kasuwa.

To, ina ribar? Uwa wadda ta daɗe ba ta runtsa ba ta sami barci. Uba ya fita da ɗansa ba da kunya ba. Mai hidima kuma ya koyi ƙaunar da ba ta neman lada, irin wadda Almasihu ya nuna mana tun ba mu san mu gode masa ba. Ka auna ƙarfinka, ka yi alkawari kaɗan, ka cika shi.